Adireshin ofis a hannun mutum ɗaya: yaya kuke yi da laƙabin imel a jami'o'inku?

Sabon Admin: Assalamu alaikum manyanmu. Shawara nake nema kafin in taɓa abin da zai jawo mini takardar tuhuma. An canja shugaban makarantar karatun gaba da digiri a wurinmu, jiya sakataren sabon ya kawo memo wai a miƙa musu adireshin ofis. Da na shiga na duba, ashe adireshin ba akwati ba ne mai zaman kansa, laƙabi ne aka liƙa a kan akwatin tsohon shugaban, duk wasiƙar da aka aiko wa ofis cikin imel ɗinsa take faɗawa. Shi kuma ya tafi hutun sabatika. Sabon yana son adireshin, yana kuma son tsofaffin wasiƙu, musamman na masu jarrabawa na waje da ake jiran rahotonsu. Google Workspace muke kai, wato tsarin imel na Google na ma'aikatu da makarantu. Da na ci gaba da tonawa sai ga laƙabobi birjik, na tarukan da aka watse tun tuni, na kwamitocin da aka rushe, kuma babu takarda ko ɗaya da ta nuna wanda ya nema. Ta ina zan fara?

Hajiya MIS: Wa alaikumus salam ƙanena. Abu biyu aka nema a wurinka, kada ka haɗa su. Na farkon ba wani aiki ba ne, ka cire laƙabin daga akwatin tsohon ka ɗora inda kake so. Google suna cewa canji kan iya ɗaukar awa 24 kafin ya zauna ko'ina, amma da wuya ya kai haka. Na biyun ne mai ƙaya. Laƙabi kamar allon suna ne da aka kafa a ƙofar ɗaki, in ka cire allon ka kai wata ƙofar, kayan da ke cikin ɗakin ba za su biyo shi ba. Wasiƙun da suka riga suka shiga suna nan a akwatin mutumin, cakuɗe da takardar albashinsa da ta asibiti da hirarsa da iyalinsa. Ko wa ya buga maka waya ya ce ka canja kalmar sirri ka shiga ka kwaso, ka ce ranka ya daɗe a rubuto.

Dattijon Sabar: Kada ku zagi waɗanda suka yi haka, mu ne. Lokacin da sabar, wato kwamfutar da ke riƙe imel ɗinmu, take cikin ɗakin da ke bayan ofishina, faifan ajiya ƙarami ne, kowane sabon akwati lissafi ne. In Din, wato shugaban tsangaya, ya ce yana son adireshin ofis, layi ɗaya za ka ƙara a fayil ɗin /etc/aliases, sunan ofis, ɗigo biyu, sunan mutum, ka buga umarnin newaliases, an gama. Kuma shi kansa ya fi so, don ba ya son riƙe kalmar sirri biyu. Abin da muke yi wanda ku yanzu ba kwa yi shi ne rubuta bayani a saman kowane layi: wane ya nema, lambar memo, ranar da za a cire. Fayil ɗin da kansa rajista ne. Da aka kwashe komai aka kai Google da Microsoft, laƙabobin suka tafi, bayanan suka tsaya a tsohuwar sabar. Yaro, ka nemi tsohon faifan ko kwafinsa, wataƙila amsar rabin tambayoyinka tana ciki.

Sabon Admin: Allah ya ƙara girma Baba. Tsohuwar sabar tana sito, ban san ko za ta tashi ba, amma zan gwada ciro faifan.

Injiniya 365: Ni a wurina magana ɗaya ce, ofis ba ya zama laƙabi a kan mutum. Shugaban jami'ar tarayya shekara 5 yake yi zango ɗaya ya sauka, Din da shugaban sashe ma ba sa kaiwa haka. Kujerar da ka san za a tashi daga kanta don me za ka ɗaure adireshinta a wuyan mai zama? Mu a Microsoft akwatin haɗaka muke buɗe wa kowane ofis. Ba ya cin lasisi matuƙar bai wuce 50GB ba, ba a shigarsa da kalmar sirri, izini kawai kake ba mutum ya bayyana masa a Outlook ɗinsa. Ranar miƙa mulki ka cire sunan tsohon ka sa na sabon, wasiƙun shekara goma suna nan inda suke. Laƙabi kuwa na bar shi ga abu ɗaya, mutum ɗaya mai suna biyu.

Hajiya MIS: Injiniya, a Google ma akwai hanya, sai dai kashi biyu ce. Ko ka buɗe guruf, wato adireshi ɗaya na mutane da yawa, ka kunna masa akwatin aiki tare, ko ka buɗe cikakken asusu na ofis ka ba mutane wakilci su riƙa buɗe shi daga nasu. Guruf ya fi dacewa da wuraren da wasiƙu ke zubowa kamar ruwa kuma mutane da yawa ke amsawa, irin ofishin ɗaukar ɗalibai ko na taranskirif. Amma ofishin Din ko magatakarda na fi son cikakken asusu, saboda suna buƙatar Drive da kalanda, kuma fayilolin ofis su ma kada su zama mallakar mutum. Wannan ma wani ramin ne, ƙanena ka duba, ina tabbatar maka takardun makarantar suna cikin Drive ɗin tsohon shugaban.

Mai Tsaro: Cikakken asusu na yarda, amma ku faɗi gaskiyar yadda ake amfani da shi. Ba wakilci ake yi ba. Kalmar sirri ɗaya ce a hannun Oga da sakatare da mai buga takardu da ɗan bautar ƙasar da ya wuce bara, an kuma rubuta ta a ƴar takarda an manna a ƙarƙashin kibod. Na taɓa shiga wani ofis na tarar lambar tabbatarwa tana zuwa wayar wata baiwar Allah da ta yi ritaya, duk ranar da aka canja kwamfuta sai an kira ta ta karanto lamba, in tana wurin biki a jira. In wasiƙar banza ta fita daga wannan adireshin, wa za ka kama? Kowa zai ce ba shi ba ne, kuma ba ka da hujja.

Hajiya MIS: Shi ya sa kalmar sirrin asusun ofis ba ta fita daga ICT. Ba na ba kowa. Wakilci kawai. In wakili ya aika wasiƙa, sunansa yana fitowa a matsayin wanda ya aika a madadin ofis.

Mai Tsaro: Har sai ranar da Oga ya ce yana son ta a wayarsa yanzu-yanzu yana filin jirgi.

Hajiya MIS: Ranar ma na ce a'a, kuma ga ni ban mutu ba.

Sabon Admin: To na buɗe asusun wucin gadi, na ɗauke laƙabin daga tsohon na ɗora a kai kafin in gyara sunan gaba ɗaya. Amma akwai matsala, na shiga sabon asusun na aika gwaji zuwa adireshin, shiru, babu komai a akwatin shiga. Ko na ɓata wani abu ne?

Hajiya MIS: Ba ka ɓata komai ba. Gmail ba ya nuna maka a akwatin shiga wasiƙar da ka aika wa laƙabinka da kanka, duba cikin waɗanda aka aika za ka gan ta. Yi gwajin daga waje, daga Yahoo ko Gmail ɗinka na gida. Sannan kada ka manta, a saitin tsohon shugaban akwai wurin da aka ba shi damar aika wasiƙa da sunan ofis, ka tabbata an cire wannan ma.

Sabon Admin: Ta shigo Anti, na gode. Saura tsofaffin wasiƙun.

Injiniya 365: Kira mutumin. Sabatika ya tafi, ba lahira ba. Yawancinsu in ka yi musu magana da ladabi za su yarda. Ka nuna masa yadda zai bincika duk wasiƙun da aka aiko ta adireshin ofis, ya sa musu lamba ɗaya, ya duba ya cire nasa na ƙashin kai, sauran a kwashe zuwa sabon asusun. Shi ya tace da hannunsa, kai ba ka ga komai ba.

Mai Tsaro: In kuma ya ƙi, ba kai za ka yanke hukunci ba. Magatakarda ne zai rubuto, da saninsa da na sashen shari'a, a fayyace abin da za a ciro: wasiƙun da aka aiko wa adireshin ofis kawai, daga rana kaza zuwa rana kaza. Da Vault, manhajar Google ta adanawa da binciken wasiƙun ma'aikata, za ka yi, ba shiga akwatin mutum ba, kuma Vault yana ajiye tarihin wanda ya bincika me. Wannan tarihin kariyarka ce. Tun da aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a 2023 aka kafa hukumar NDPC, buɗe akwatin ma'aikaci haka kawai ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ka san halin wurarenmu, ranar da abu ya fashe, wanda ya ba da umarni da baki zai ce bai san zancen ba.

Dattijon Sabar: Wannan gaskiya ne. Ka ajiye kwafin memo a gida ma.

Ɗan Bautar Ƙasa: Yallaɓai ni tambayata kan tsofaffin laƙabobin ne. Me zai hana a goge duk wanda ba a san mai shi ba, in wani ya yi kuka sai a mayar?

Hajiya MIS: Saboda wanda zai yi kukan ba a cikin jami'a yake ba. Wata jami'ar waje ce ta aiko tana neman tabbatar da shaidar wani tsohon ɗalibi, wasiƙar ta koma mata da cewa babu wannan adireshin, ta rufe fayil. Kai ba ka ji ba, ɗalibin bai ji ba, ya dai ga an ƙi ɗaukarsa. Ga yadda nake yi. Da GAM, manhajar sarrafa Google Workspace ta hanyar buga umarni, nake fitar da jerin duka, gam print aliases, ya zubo cikin tebur. Kowane layi sai ya samu abu uku: ofishin da ke da shi, dalilinsa, ranar sake dubawa. Wanda na rasa mai shi ba na gogewa, ina karkatar da shi zuwa wani akwatin jira da ni kaɗai ke gani, in zuba ido.

Sabon Admin: Har tsawon yaushe Anti? Na ga binciken log, wato tarihin shige da ficen wasiƙu, yana nuna kwana 30.

Hajiya MIS: Kwana 30 ba ya gaya maka komai a jami'a. Aikinmu na kaka ne. Adireshin jarrabawar share fage ta bayan JAMB zai yi wata tara ko ƙuda bai sauka a kansa ba, sannan cikin sati biyu ya cika ya batse. Na bikin yaye ɗalibai haka, na ɗakin kwana haka. Sai ka ga zangon karatu ya zagayo cikakke kafin ka ce abu ya mutu. Kuma ka lissafa da yajin aiki. A 2022 ASUU ta tafi tun Fabrairu ba ta dawo ba sai Oktoba. Duk wanda ya sa doka a na'ura cewa asusun da ya yi wata shida ba a shiga ba a rufe shi, a waccan shekarar da ya rufe rabin ɗalibansa.

Dattijon Sabar: Masu riƙe da sabar imel ta kansu har yanzu, irin Postfix ko Zimbra, ku nemi orig_to a cikin maillog, wato fayil ɗin log ɗinta. Shi ke nuna adireshin da aka rubuta tun asali kafin sabar ta juya shi zuwa akwatin gaske. Ku tara na shekara guda ku ƙirga, za ku ga waɗanda ke raye. Sai dai ku tabbata log ɗin ba ya goge kansa bayan sati huɗu.

Mutumin Nijar: Sannunku da aiki ƴan uwa. Mu nan abin da ya fi cin ranmu sunaye ne. Mahamadou, Mamane, Mamadou, Aboubacar, Boubacar, mutum ɗaya takardar haihuwarsa daban, difloma daban. Wasalin Faransanci mai alama a kai dai mun daɗe da yanke shawara, a adireshi ba a sa shi, scolarite kawai ake rubutawa. Ku yaya kuke raba masu suna ɗaya?

Injiniya 365: Ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Tsarin suna, ɗigo, sunan mahaifi an yi shi ne don ƙasashen da sunan iyali ke bambanta mutane. Mu nan a tsangaya ɗaya za ka samu Abubakar Muhammad uku, ga Muhammad Abubakar biyu a gefe. Ga Muhammad da Mohammed da Muhammed da Moh'd. Abin da muka tsayar shi ne, sunan shiga na dindindin a gina shi kan abin da ba ya canjawa, lambar ma'aikaci ko lambar rajistar ɗalibi. Adireshi mai kyan gani, wanda za a sa a kati, shi ne laƙabin. In an yi karo, a ƙara harafin suna na uku ko sunan gari, tunda yawancinmu muna da shi a takardu. Lamba ba na so, mutum ba ya tuna ko shi ne na 2 ko na 3, balle mai aiko masa.

Mai Tsaro: Kuma ku raba ɗalibai da ma'aikata tun daga bayan alamar @. Ɗalibai su koma ƙaramin yanki nasu. Na ga inda jami'in jarrabawa ya fara buga suna, na'ura ta cika masa sauran, ya danna aikawa, tambayoyin jarrabawa suka tafi wurin ɗalibi mai suna irin na malamin. Da adireshin ɗalibin ya bambanta a ido, da wataƙila ya lura.

Hajiya MIS: Sai masu ɗauri a suna, Sa'adatu, Mu'azu, Isma'il. A ƙa'ida ɗaurin halal ne a adireshi, Google ma yana karɓa, amma fom nawa ne a intanet za su ce maka adireshin ba daidai ba ne? Ni cirewa nake yi a babban adireshi. Ƙ da ɗ da ɓ kuwa k da d da b suke komawa, a sunan da ke bayyana ne nake rubuta wa mutum sunansa daidai. Wanda ya canja suna, ko aure ko gyaran takardu, a Google in ka sauya masa adireshi tsohon yana zama laƙabi da kansa. Ku bar shi, kada ku goge. Mutum ɗaya yana iya ɗaukar laƙabi 30, ba za ku ƙure ba.

Injiniya 365: Mu ɗaruruwa ne ma. Masu haɗa Active Directory, rajistar asusun ma'aikata ta Microsoft, da gajimare dai ku kula da proxyAddresses, filin da ake jera adiresoshin mutum, SMTP da manyan baƙaƙe shi ne babban adireshi, smtp da ƙanana laƙabi. Ka sa manya guda biyu ka ga yadda daidaitawar za ta tsaya cik.

Dakta: Ku yi haƙuri in sa baki, ni malami ne, wakilin ICT na tsangayarmu aka sa ni a nan. Duk maganarku ta sauƙin aikinku ce. Ni takarduna da aka buga a mujallu suna ɗauke da adireshin jami'a a ƙarƙashin sunana, kuma takarda ba ta canjawa. Ranar da na yi ritaya ko na koma wata jami'ar, me zai faru da shi? Wani abokin aikinmu ya bar aiki, bayan ɗan lokaci aka ɗauki wani mai irin sunansa aka ba shi adireshin. Gayyatar duba takardu tana zuwa wa sabon, shi kuma ba fanninsa ba ne, yana gogewa.

Mai Tsaro: Dakta wannan da ka faɗa ya fi gayyata muni. Duk shafin da tsohon ya yi rajista da wannan adireshin, na mujalla, na masu ba da tallafin bincike, har banki, sabon zai iya danna na manta kalmar sirri ya shige. Adireshin mutum ba a sake ba wani, har abada. A ajiye jerin waɗanda aka yi wa ritaya, kafin a ƙirƙiri sabo a duba ciki.

Dakta: To a bar mana akwatin mana.

Hajiya MIS: Ranka ya daɗe, da can da Google ke ba makarantu wurin ajiya mara iyaka ba ma ko tunani. Daga Yulin 2022 suka mayar da shi 100TB na kowa da kowa a haɗe, sai abin da ka saya a kai. Malaman da suka yi ritaya ba su da yawa, ni ina goyon bayan a bar musu, a rage musu wuri kawai. Ɗaliban da ke fita dubbai duk shekara ne ba za mu iya ɗauka ba. Wanda ya koma wata jami'ar kuwa, amsa ta atomatik mai nuna sabon adireshinsa na tsawon lokaci, sannan a rufe, sunan ya shiga jerin da ba a taɓawa. Kuma don Allah ku buɗe ORCID, lambar shaidar masu bincike ta dindindin, ku sa imel fiye da ɗaya a ciki, shi ba ruwansa da inda kake aiki.

Dakta: Ko ku bar shi ya riƙa tura mini komai zuwa Gmail ɗina. Ni yanzu ma haka nake yi, tun zamanin da sabarku ke mutuwa duk ranar da janareto ya ƙi tashi. Ban taɓa buɗe akwatin jami'a ba.

Dattijon Sabar: Dakta ka fama mini tsohon miki, amma ba ka yi ƙarya ba.

Mai Tsaro: Turawar nan ita ce ke ɓatar muku da wasiƙu ba ku sani ba. Bari in warware. Wata mujalla ta aiko maka, sabar jami'a ta karɓa ta cilla wa Gmail. Gmail zai duba SPF na mujallar, wato jerin sabobin da ta yarda su aika da sunanta, ya ga sabar jami'a ba ta ciki. An faɗi gwaji na farko. Saura sa hannun DKIM, wato hatimin da sabar mai aikowa ke buga wa wasiƙa, shi yana tsira in ba a taɓa wasiƙar ba. To amma jami'o'inmu suna son manna doguwar sanarwa a ƙasan kowace wasiƙa, ko su ƙara wata kalma a kan take, da an yi haka sa hannun ya karye. In mai aikowa ya sa DMARC ɗinsa, wato umarninsa kan abin da za a yi da wasiƙar da ta faɗi gwaje-gwajen nan, a kan a ƙi karɓa, wasiƙar ta tafi kenan. Yahoo tun 2014 suka sa nasu haka, kuma daga Fabrairun 2024 da Google da Yahoo suka ƙara matsa wa masu aika wasiƙu da yawa, wurare da dama sun ɗaure nasu. Ga kuma wata illar, duk shara da ta bi ta turawar, Gmail sabar jami'a yake gani ta kawo, sunanmu ne ke ɓaci.

Dattijon Sabar: Akwai SRS ai, a Postfix postsrsd ne, yana sake rubuta adireshin ambulan, wato na mai aikowa da SPF ke dubawa, ya zama namu don SPF ya wuce.

Mai Tsaro: Yana wucewa Baba, amma DMARC yana son yankin da ya ci SPF ya dace da wanda ke rubuce a layin mai aikowa, kuma bayan SRS ba su dace ba. Ka koma dogaro da DKIM ɗin dai.

Injiniya 365: Mu Microsoft ma ta rufe turawa waje ta atomatik tun daga tushe, in ba ka buɗe da kanka ba wasiƙar za ta dawo da lambar kuskure 5.7.520. Ban buɗe ba kuma ba zan buɗe ba. Sakamakon ɗalibai da takardun ƙarin girma a Gmail ɗin mutum, ranar da ya bar aiki ta yaya za ka dawo da su? Dakta ka kawo wayarka ICT a sa maka asusun jami'a kusa da na gida a manhaja ɗaya, ba za ka ji bambanci ba.

Dakta: Zan ji, don naku kowane wata uku sai ya ce in canja kalmar sirri.

Mai Tsaro: A nan kam ina bayanka. Tilasta canji a kai a kai ba ya ƙara komai sai sa mutane su riƙa ƙara 1 a ƙarshe. Tabbatarwa mataki biyu ta fi.

Ɗan Bautar Ƙasa: Yallaɓai, kan masu kuskuren rubuta suna, na ga akwai saitin da ke kama duk wasiƙar da aka aiko wa adireshin da babu shi. In aka kunna ai babu wadda za ta ɓata.

Dattijon Sabar: Kada ka soma. Masu aika shara suna zama ne su jero sunaye daga kansu, ali, aliyu, amina, info, sales, su watsa wa yankinka. Yanzu sabar tana ce musu babu tun a bakin ƙofa. Ka kunna wannan, ta karɓe duka, kuma kai za ka zauna tacewa. Sannan wanda ya yi kuskure da gaske gara wasiƙarsa ta koma masa nan take ya gyara, da ta kwanta a akwatin da ba mai buɗewa yana zaton ta isa. In ka san kuskuren da ake yawan yi, misali registrar da registry, ko admission da admissions, yi wa wannan laƙabi shi kaɗai. Abin da ya wajaba ya kasance a raye shi ne adireshin postmaster, ƙa'idar SMTP, wato ta aika imel, ce ta ce haka, da adireshin abuse da ke cikin takardar ƙa'idar intanet ta RFC 2142 tun 1997. Nan ne sauran duniya ke sanar da kai an sace asusun wani yana watsa shara.

Hajiya MIS: A Google waɗannan biyun ba za ka iya yin su asusu ko laƙabi ba, an keɓe su. Guruf za ka buɗe da sunan ka sa kanka a ciki, ka kuma bar shi a buɗe ga na waje, in ba haka ba babu abin da zai shigo.

Sabon Admin: Yanzu na duba, babu ko ɗaya a wurinmu. Amma na ga wani abu, adireshin duk ma'aikata a buɗe yake, kowa daga ko'ina zai iya aika masa.

Injiniya 365: Rufe shi kafin ka tashi daga kujerar nan. Wasiƙar damfara ɗaya mai cewa ga sabon jadawalin albashi danna nan, ta shiga akwatin kowa lokaci guda. Ofishin magatakarda da na yaɗa labarai da ICT kaɗai su iya aikawa, amsa kuma ta koma wa mai aikowa shi kaɗai.

Dakta: Ƙungiyoyi fa? Da sanarwar rasuwa da ɗaurin aure? Da shi muke jin an yi rashi a wata tsangayar.

Injiniya 365: A buɗe na biyu na zumunci, mai so ya shiga mai so ya fita, a sa mutum biyu masu tacewa. Ƙungiyoyi kuwa su riƙe jerin membobinsu da kansu.

Hajiya MIS: Ban yarda da na ƙarshen ba Injiniya. Ka hana ƙungiya yau, gobe a ce ICT ta zama ƴar sandan hukuma, kuma kai za a ambata a taron kongires, ba wanda ya sa ka ba. Wa zai aika wa duk ma'aikata ba hukuncinmu ba ne. Ƙanena, na waje ka rufe yanzu, wannan tsaro ne ba mai ja da kai. Na cikin gida kuwa ka rubuta wa Darakta ya kai kwamitin ICT, su kawo jerin sunayen ofisoshin da aka yarda da sa hannu, kai kuma ka shigar da abin da aka ba ka.

Injiniya 365: Kwamitin da sai ya yi zango bai zauna ba?

Hajiya MIS: Kafin su zauna ya sa duk wasiƙar cikin gida ta tsaya a layin tacewa, ya ba ofishin yaɗa labarai maɓallin sakewa, shi ya cire sunansa daga masu tacewar.